HAYYACIN ƊAN ADAM DA ILIMIN ƘWAYAR ZARRA: NASIHA GA SAMARI

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu ji da gani da hankali, Ya sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, akwai maganganu guda biyu da suke yawo a tsakaninku, a makarantu da wuraren hira da cikin wayoyinku, kuma kowacce ta jingina kanta da ilimin fiziks na zamani. Ta farko tana cewa wai masana sun gano tunanin mutum shi ne yake samar da abin da ke faruwa, saboda haka in ka ƙudurta arziki a ranka ka dage, arzikin zai biyo ka har gida. Ta biyu tana cewa wai masana sun gano mutum tarin ƙwayoyin zarra ne kurum, babu ruhi, babu zaɓi, don haka babu laifi balle hisabi. Ta farko ta ɗauki bawa ta ba shi aikin Ubangiji. Ta biyu ta mayar da shi injin markaɗe. Abin mamaki, dukansu da ɗakin gwaji ɗaya suke kafa hujja. To, bari mu shiga ɗakin gwajin, mu ga abin da aka gani a ciki, da abin da aka ƙara masa a hanya kafin ya iso kunnenka.

MENE NE HAYYACI?

Idan mutum ya suma aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, mukan ce ya dawo cikin hayyacinsa. To, wannan abin da ya tafi ya dawo, a kansa muke magana. Shi ne kasancewarka kana jin zafin barkono a harshenka, kana ganin jan wuta, kana jin kunya in ka yi abin kunya, kuma ka san kai ne kake ji. Na'urar auna zafi tana nuna zafin jikin mai zazzaɓi daidai, amma ba ta jin zazzaɓi. Kai kuwa kana ji. Tambayar ita ce: ilimin fiziks, wanda ya auna haske ya auna taurari, me ya gano game da wannan ji?

ABIN DA AKA GANI A ƊAKIN GWAJI

A shekarar 1900 wani Bajamushe mai suna Max Planck ya nuna cewa ƙarfin haske da zafi guntu-guntu yake fita, ba kamar ruwan famfo ba. Sunan wannan guntu shi ne kwantam, kuma daga nan ilimin ya samo sunansa. A 1925 da 1926 Heisenberg da Schrödinger suka shimfiɗa lissafinsa. Ka sani wannan ilimi ba tatsuniya ba ne. Wayar da ke aljihunka da farantin sola da ke kan rufin gidanku, da shi aka ƙera su.

Gwajin da ya fi shahara a cikinsa shi ne gwajin tsaga biyu. Ka ƙaddara katanga ce mai tsaga biyu kusa da juna, a bayanta akwai allo. In ka yi ta watsa tsakuwa, wadda ta wuce za ta taru wuri biyu, kowane tari daura da tsagarsa. Amma in igiyar ruwa ce ta wuce, kamar yadda kake gani a tafki in an jefa duwatsu biyu, igiyoyin sukan haɗu: wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna, sai a sami layi-layi.

To, da aka yi wannan gwaji da ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, a Jamus a 1961, sai aka ga layi-layi irin na igiya. A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a Japan suka yi irinsa suna sakin ilektiron ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta sauka a allo ɗigo guda, kamar tsakuwa. Amma da dubbai suka taru, sai layi-layin ya bayyana, kamar kowacce ta bi hanyoyin nan biyu a lokaci ɗaya. In kuwa aka sa na'urar da za ta gano hanyar da kowacce ta bi, sai layi-layin ya ɓace. Wannan tabbas ne, an maimaita shi a ƙasashe da yawa. Gani ya kori ji.

INDA KALMA ƊAYA TA RUƊI MUTANE

Daga nan ne ruɗanin ya taso. Masana sukan ce abin yana sauyawa idan "an duba". Mai saurare sai ya zaci ido ake nufi, ko hankalin mai kallo. Alhali su abin da suke nufi shi ne an auna, kuma ba a auna ƙaramin abu sai wani abu ya taɓa shi: haske ya faɗa masa, ko wata ƙwaya ta yi karo da shi. Kuma ba sai karon ya yi ƙarfi ba. Ya isa a ce labarin hanyar da ya bi ya fita, ya bar alama a jikin wani abu na waje.

Shi kuwa ido ba ya aika komai. Tun kusan shekara dubu da suka wuce Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya kafa hujja a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo. Kallonka karɓa yake yi, ba ya bayarwa.

Gaskiya ne, akwai manyan masana da suka taɓa shigar da hankali cikin maganar. John von Neumann a 1932 ya lura cewa na'urar awo ita ma da ƙwayoyin zarra aka yi ta, to wa zai auna na'urar? In aka kawo wata, ita ma wa zai auna ta? Haka sarƙar za ta yi ta tafiya har ta iso kan mutumin da ya karanta sakamako. A 1961 Eugene Wigner ya fito fili ya ce watakila hayyacin mai kallo ne yake yanke sarƙar. Maganarsa ce har yau ake yawo da ita. Abin da ba a gaya maka shi ne Wigner da kansa ya janye daga wannan ra'ayi daga baya, bayan Dieter Zeh ya nuna a 1970 cewa duk wani abu mai ɗan girma ba ya rabuwa da cuɗanya da iska da haske da zafin da ke kewaye da shi, kuma wannan cuɗanya kaɗai ta isa ta shafe layi-layin.

An gwada wannan kuwa. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, a 1999, ƙungiyar Anton Zeilinger ta nuna layi-layin da dunƙulen ƙwayoyin gawayi guda 60. A 2004 suka ɗauki dunƙule mai ƙwaya 70 suka riƙa gasa shi kafin ya wuce. Abu in ya yi zafi yana fitar da haske, hasken nan kuwa yana tona inda abin yake. Suna ƙara zafi, layi-layin yana dusashewa, har ya ɓace. Babu mutumin da ya kalli hasken nan, bangon na'ura ne ya shanye shi. Ka ga ke nan ba a buƙatar idon kowa ko niyyar kowa.

Adalci ne a faɗa maka cewa da sauran magana. Me ya sa daga sakamako masu yawa da lissafi ya halatta, guda ɗaya tak ake gani? A nan masana sun rabu. Akwai fassarar Niels Bohr da mutanensa, akwai ta David Bohm ta 1952, akwai ta Hugh Everett ta 1957 mai cewa duniyoyi ne suke rassa. Amma saɓaninsu a kan fassara ne. Babu gwaji ko ɗaya da ya tabbatar cewa buri ko tunanin mutum ya karkatar da ilektiron zuwa inda yake so. Wanda bai iya juya ƙwaya ɗaya da tunaninsa ba, ina zai juya kasuwa?

Haka kuma maganar ƙwayoyi biyu masu ɗaurin gindi ɗaya, waɗanda in an auna ɗaya a nan, sakamakon ɗayar a can nesa yakan dace da shi. Wannan gaskiya ne, a kansa aka ba Aspect da Clauser da Zeilinger kyautar Nobel a 2022. Amma lissafin da ya tabbatar da shi, shi ne kuma ya nuna ba a iya aika saƙo ta wannan hanya. Duk wanda ya kafa hujja da shi cewa yana karanta zuciyarka daga nesa, ya ɗora wa ilimin kayan da ba nasa ba.

KO A CIKIN ƘWAƘWALWA SIRRIN YAKE?

Za ka ce: to, ita ƙwaƙwalwa fa, ko abin kwantam ne yake haifar da hayyaci a cikinta? An yi wannan hasashe. Roger Penrose, masanin lissafi na Ingila, ya fara shi a wani littafi a 1989, daga baya ya haɗa kai da Stuart Hameroff, likita mai sa majiyyata barci a ɗakin tiyata. Suka ce a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu siraran bututu da yanayin kwantam yake iya zama a cikinsu, kuma rushewar wannan yanayi ita ce ƙyallin hayyaci.

A shekarar 2000 Max Tegmark ya buga lissafi ya ce ƙwaƙwalwa wuri ne mai ɗumi, mai ruwa, mai motsi, saboda haka irin wannan yanayi ba zai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na sakan ba zai rushe, alhali saƙon jijiya yana ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Mutanen Hameroff sun mayar da martani, amma mafi yawan masana ba su karɓi hasashen ba. In aka ce maka ai Penrose yana da kyautar Nobel, ka ce haka ne, ya samu a 2020, amma a kan baƙaƙen ramukan sararin samaniya aka ba shi. Gwanintar mutum a ƙira ba ta mayar da shi gwanin saƙa.

BOKA A RIGAR KIMIYYA

Yanzu ka duba yadda ake cin kasuwa da wannan kalma. Akwai masu koyar da cewa ka rufe ido ka hango mota, ƙarfin tunaninka zai jawo ta. Akwai masu sayar da sarƙar wuya da awarwaro da sunan kwantam. A ƙarshen 2021 hukumar kula da lafiyar nukiliya ta ƙasar Holan ta gargaɗi mutane su daina sa wasu irin waɗannan kaya, saboda an auna an ga suna fitar da tururin da ke iya cutar da jiki. A garuruwanmu ma za ka ga mai kwamfuta ya miƙa wa dattijo wani ɗan ƙarfe ya riƙe na minti ɗaya, sai takarda ta fito wai an gano ciwon hanta da ƙoda, maganin kuwa yana nan cikin jakar mai kwamfutar. Mai ciwon gaske ya bar asibiti, mai lafiya ya koma gida da fargaba da aljihu wayam.

Ya ɗan'uwa, me ya raba wannan da bugun ƙasa? Wancan ya zana yashi, wannan ya kunna allo. Dukansu suna da'awar sanin abin da ba su sani ba, suna cin dukiyar mutane da ƙarya. Mai cewa tunaninka ne yake halitta maka rabo kuwa, ɓarnarsa ta fi zurfi, don aƙidarka ya taɓa. Ya cire ka daga roƙon Allah ya mayar da kai kana roƙon kanka. In abin bai samu ba sai ya ce laifinka ne, ba ka yi tunanin da kyau ba. Ashe ke nan maraya da majiyyaci su suka jawo wa kansu? Subhanallahi! Musulmi yana kyautata zato ga Ubangijinsa, ya yi addu'a, ya tashi ya riƙi sababi. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

MASU CEWA KAI INJI NE

To, mu juya ga ɗaya ɓangaren. Su ma suna da gaskiyar da suka riƙe, kada ka musa ta. Ƙwaƙwalwarka ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma hayyacinka yana ɗaure da ita ɗauri mai ƙarfi. Allurar likita tana ɗauke shi, bugu a ka yana rikita shi. Duk wannan an gani.

Amma ɗaure abu da abu daban, bayyana shi daban. A 1714 Leibniz ya kawo wani misali. Ya ce a ƙaddara an faɗaɗa abin da ke tunani har ya kai girman gidan niƙa, ka shiga ciki kana zagayawa. Me za ka gani? Wannan yana tura wancan, wancan yana juya wancan. Ba za ka ci karo da ji a wani lungu ba. Yau an shiga gidan niƙan da na'urori. An san jan haske tsawon igiyarsa wajen nanomita 700 ne, an san ƙwayar idon da ke karɓarsa, an san jijiyar da ke kai saƙon bayan kai. Amma me ya sa duk wannan aiki yake zuwa tare da ganin ja, maimakon ya gudana a cikin duhu kamar aikin kwamfuta? David Chalmers a 1995 ya kira wannan matsala mai wuya, sunan ya bi ta har yau. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi fare da shi cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. Fare ba ɗabi'armu ba ce, amma ka ji ƙarshensa: a 2023 Koch ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa ya faɗi. Alama ma ke nan ake nema, ba a zo kan haƙiƙa ba.

Ga wani abin lura. A 2006 Adrian Owen da abokan aikinsa a Ingila suka duba wata mata da ta yi haɗarin mota, tana kwance ba ta amsa kowa, an ɗauka babu hayyaci tare da ita. Suka sa ta cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa suka ce ta raya a ranta tana buga wasan tanis. Sai sashen tsara motsi ya kama aiki kamar na mai lafiya. Ka lura da kyau: na'urar ba ta ga hayyacinta ba. Sai da aka yi mata magana ta amsa, sannan aka san tana nan.

Sukan kuma kawo gwajin Benjamin Libet na 1983. Ya sa mutane su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama, suna kallon agogo. Ya ga wata alama tana tasowa a ƙwaƙwalwa wajen rabin sakan kafin motsin, su kuwa sun ce sun ji niyyar wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafin motsin. Sai aka ce ka gani, ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci kafin kai. Amsa ita ce: na farko, Libet da kansa bai kore zaɓi ba, ya ce mutum yana da damar fasawa. Na biyu, a 2012 Aaron Schurger da abokansa suka nuna alamar tana iya zama kai-komon da ƙwaƙwalwa take yi kullum. Na uku, ina motsa hannu babu dalili, ina mutumin da ya kwana uku yana saƙa yadda zai ci amanar abokinsa?

Kuma kada ka ce bari in ceto zaɓi da rashin tabbas na kwantam. In hannunka da ƙuri'a yake motsi, ai ba kai ka motsa shi ba. Zaɓinka ba ya jiran shedar ilektiron. Kana jin sa a ranka duk sanda ladan ya kira asuba kana cikin bargo. Shi ma mai musun zaɓi, a sace masa waya mana, ka ga ko zai ce ƙwayoyin zarra ne suka ɗauka. Wurin 'yan sanda zai nufa.

INDA MUSULMI ZAI TSAYA

A cikin Suratul Isra'i, aya ta 85, an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruhi, amsar ta mayar da al'amarinsa ga Ubangiji, ta kuma tuna wa mutane ƙarancin abin da aka ba su na ilimi. A surar dai, aya ta 36, an hana bin abin da mutum ba shi da ilimi a kansa, an kuma ambaci ji da gani da zuciya a matsayin abin tambaya. Waɗannan biyu sun isa su zama linzami.

Saboda haka ga nasiha. Na ɗaya, kada ka ɗaura aya a jikin hasashe. Mai wa'azin da ya hau mumbari ya ce kwantam ta gano ruhi, gobe in hasashen ya rushe, yaron da ya gaskata shi zai zaci addinin ne ya rushe. Ba mu da nassin da ya ce ruhi igiya ne ko ƙwaya, ba mu kuma da gwajin da ya ce haka.

Na biyu, duk wanda ya ce maka "masana sun gano", ka tambaye shi: su wa? A ina, a wace shekara? Me suka auna? Wasu sun maimaita sun sami abin da suka samu? Ramin ƙarya ƙurarre ne, tambaya ta biyu ma ba ya kaiwa.

Na uku, kada wannan ya sa ka guji ilimin. Ka shiga ajin fiziks, ka jure wa lissafinsa. Jahilcinmu da shi ne jarin masu yaudara, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Na huɗu, ka tsare hayyacinka. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke. Wato a kan hayyaci aka ɗora salla da azumi da ciniki da aure. Abin da manyan masana suka ƙare rayuwarsu ba su gano haƙiƙarsa ba, an ba ka shi kyauta, kana farkawa da shi kowace safiya. To, yaya za ka sayar da shi a kan kwalbar kodin ko ƙwayar tiramol? Ba a tambaye ka ka bayyana shi ba. Abin da za a tambaye ka shi ne me ka yi da shi.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfanar da mu da abin da Ya sanar da mu. Ya tsare mu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Ya raya mu cikin hayyacinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.